Karyayyen Yatsan Asma'u

A gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda, wutar tatsuniya ragowar garwashin tsire ce. Baba yana gashi a bakin layi, in an idar da isha'i sai ya hawo da murhun saman soro, kakarmu, wadda muke kira Sitti, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Angona, matso, kunnen naka na Larabawa ne." Hausarmu take yi wa dariya, don rabinta Larabci ne.

Akwai ranar da ba wanda ya yi dariya. Ƙanwata Asma'u ta daɗe tana zuwa a ɓoye wajen wata malama 'yar Masar a unguwar Sharafiyya, tana koyon kamanja, gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu. Baba ya ritsa ta da shi a ɗaki. Ya fizge ya maka shi da bango, ya ɗauki sandan gogen ya dinga zabga mata a hannun hagu, har sandan ya karye, ƙaramin yatsanta ma ya karye. "Goge a gidana? Ke 'yar bori ce? Halas, an gama!" Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan, kuma haushin bai sake ni ba.

Sitti ta gani. Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Da aka dawo daga asibiti muka hau sama kamar kullum. Baba na gefe yana kankare tsinken tsire. Sitti ta jawo Asma'u jikinta ta ce, "Ga ta nan, ƙawata. Mai kunne ya ji."

Ta ce wani ayarin alhazai ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, cikinsu da maraya mai goge. Da shi yake samo musu gero a ƙauyuka, su ci, amma ba mai haɗa kwano da shi. A wani daji 'yan fashi suka faɗa musu. Suka sare madugu, suka farke cikin raƙumi, jini ya jiƙe guzuri. Shugabansu ya ga gogen ya ce, "Yi mini. Muddin kana yi, wuƙata na kube." Yaro ya yi ta gogawa, izgar tsirkiyar tana tsinkewa sili-sili, tana yanka masa yatsu, jini na bin gwiwar hannunsa, alhazai kuwa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Da silin ƙarshe ya tsinke, ba kowa a wurin sai shi. Suka guntule masa yatsu, suka bar shi nan.

Na ce, "Sitti, an koma an ɗauko shi?"

"Wa zai koma? Sun iso Makka, sun yi ɗawafi, sun haifi 'ya'ya." Ta tura garwashi da muciya. "Shi ɗan fashi dai sana'arsa ke nan. Ina mamakin wanda ya ci geron."

Baba ya ajiye tsinken ya sauka ƙasa. Ni a lokacin na ɗauka Asma'u ake gargaɗi, wato goge ba ya ƙarewa da daɗi. Sai da na girma Ummi, mahaifiyarmu, ta gaya mini cewa mahaifin Sitti da goge ya ciyar da iyalinsa a hanya har suka iso Jidda, kuma Baba ya sani. Tsohuwa ta rasa bakin yi wa ɗanta faɗa, sai ta bi ta kanmu.

Bai taɓa ba da haƙuri ba, amma bai sake hanawa ba. Asma'u ta koma wajen malamarta, ta sake koyon danna tsirkiya da yatsan da ya warke a karkace. Ba ta kai ashirin ba aka ɗauke ta cikin ƙungiyar makaɗa matasa, daga baya aka ba ta fage ita kaɗai a wani zaure nan Jidda. Sitti ba ta ga ranar ba. Baba ya zo, ya zauna gaba. Da aka tashi ya miƙa hannu zai kama nata, sai ta ba shi na dama, ta mayar da na hagun bayanta.