Maganin da Na Ce Yana Hanya

Shekarar da ruwa ya fara taruwa a ƙirjin yayana, ni ne ɗan bokon gidanmu, da firamare shida da biro a aljihun gaba. Na ɗauko shi daga Kwatarkwashi na ajiye a ɗakina a Gusau, kusa da asibiti. Duk kwana goma sai a soka masa allura a haƙarƙari a zuƙe ruwan, ya samu numfashin kwana uku.

Likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne a huhu, ya riga ya yi nisa. Na tambayi magani. Ya ce a Turai ana gwada wani, irin sojojin da jini ke yaƙar cuta da su, a zuba a ƙirji ko ruwan ya daina taruwa. Gwaji ne kawai, kuma ba zai zo nan ba. Da Hausa ya faɗa mini, na ji sarai.

Yaya ya ce, "Malam mai biro, me ya ce? In babu magani ka mai da ni gida, in mutu ina jin kukan awakina."

Na gyara hula na ce, "Magani yana hanya."

Ba tausayi ne kaɗai ba. Na ji daɗin yadda dangi suka dube ni, kamar ni na haɗa maganin. Kafin wata ya ƙare, gwaggonmu ta Tsafe ta ce maganin ya iso Legas. Wani mai shayi a Bungudu ya rantse mini jirgi na musamman zai kawo shi. Na gyaɗa kai, har na ƙara masa da cewa cikin ƙanƙara ake ɗauko shi.

Aka yanke gero Yaya yana jingine da bangona, don kwanciya ta gagare shi. Matarsa ta aiko daga Kwatarkwashi a mai da shi gida. Na ce su bar wa masu ilimi maganar.

Wata Alhamis ya dube ni ya ce, "Maganin naka a jaki ya taho?" Na yi dariya, shi bai yi ba. "Nemo mini mota."

Na ce ya bari sai Litinin mu ji daga likita. Ranar Asabar ya cika, na nemo motar.

A zaman makoki gwaggo ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, da ya ƙara mako guda da maganin ya riske shi."

Kowa ya juyo gare ni. Na ce haka ne.