Amsar da Ta Dawo Nan Take

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Inna gani, labari ya zo Daura cewa wani asibiti a Kano zai yi wa marasa hali aikin ido kyauta. Sharaɗinsu ɗaya: ƙungiyar unguwa ta tattara sunaye da takardun likita, ta aika ta imel kafin su rufe karɓa. A lokacin Inna sai da lalube take kai bakin randa. Na kai wa ƙungiya takardarta da kaina, na tsaya har aka ɗauki hoton takardar, na sa aka sake ɗauka saboda gefe ɗaya ya yi duhu.

Shugaban ƙungiyarmu wani Alhaji ne mai son a ce ya san zamani. Ya sa an yi wa ƙungiya adireshin imel mai ɗauke da sunanta, aka buga shi a allo, harafinsa ya fi na sunan unguwar girma. Ranar aikawa ya tara mu a shagon sakatare kamar za a ɗaura aure. Sakatare ya danna. Kafin Alhaji ya gyara zaman hularsa, saƙo ya shigo.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Sun amsa! Da ganin sunan ƙungiya suka san da manya suke magana."

Aka yi fatiha, aka watse. Ni kuwa na koma gida ban gamsu ba. Na yi zirga-zirga a ofisoshi tun ina saurayi, ban taɓa ganin wanda ya amsa takarda kafin mai kawowa ya zauna ba. Karatuna firamare ne, amma da na leƙa na ga saƙon dogo ne, cike da lambobi, babu gaisuwa, babu sa hannu. Mutum ba ya rubutu haka.

Washegari na koma wurin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, amsar nan an karanta ta kuwa?"

"Malam, kai dai ba ka rabo da fargaba. Ko Aljanna aka sa ka sai ka tambayi ina ƙofar fita."

Mutanensa suka yi dariya, irin ta masu jiran shayi. Na roƙi sakatare ya turo min saƙon a waya, na kai wa maƙwabcina, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, domin shi ta imel yake odar kaya daga Legas. Ya sa gilashi ya karanta, ya dafe kai.

"Maƙwabci, wannan ba amsa ba ce. Saƙonku ne aka koro. Bai ma shiga ba."

Ya ce abin ya taɓa samunsa. Na'urar asibiti, in saƙo ya zo da sunan wata ƙungiya, tana dubawa ko na'urar da ta ɗauko shi, wadda suke kira saba, tana da izinin aike da wannan sunan. Ta duba, ba ta ga izini ba, ta ɗauka 'yan damfara ne. Ya ce kamar baƙo ne ya zo ƙofarka ya ce wane ne ya aiko shi, kai kuwa wane bai taɓa gaya maka yana da wannan ɗan aike ba.

"Mafi sauƙi, ku aika da adireshin kowa da kowa, irin na wayarka. Yau ɗin nan."

Na kai wa Alhaji wannan shawara da gudu. Ya dube ni kamar na ce ya je masallacin Juma'a da singileti.

"Ƙungiya mai suna ta aika saƙo da adireshin 'yan acaɓa? Netwok ne kawai. Sakatare, sake turawa."

Ya sake. Aka sake korowa. Ya sake. Alhaji na kallon saƙonnin suna taruwa, har yana cewa ko ba komai ana jin motsinmu a can. Takardun kowa kuma suna kulle a durowarsa, ya hana a taɓa. Na yi tunanin in karɓi ta Inna ita kaɗai in aika, sai na tuna tsofaffin da ke cikin jerin, kuma asibitin sun ce daga ƙungiya suke so. Na kasa.

A bakin sakatare na ji cewa wanda ya haɗa adireshin tun farko ya koma Kwangwalam, bakin iyaka, yana aikin takardun masu fiton kaya, kuma kalmar sirrin tana hannunsa. Na hau mota zuwa Mai'adua, na ƙarasa a babur. Na same shi a rumfa, yana cin rake.

Da ya duba wayarsa ya yi tsaki.

"Baba, ai Alhajinku ne ya sa surukinsa ya mayar da aika saƙon kan wata saba, bai gaya min ba. Izinin da na rubuta na tsohuwar ce. Wata nawa kuna aika wa iska wasiƙa?"

Ya rubuta sunan sabuwar a inda ake rubutawa, ya ce sai an ɗan jira kafin na'urorin duniya su gani. Na ce ya gwada a gabana. Ya gwada, na ce ya ƙara. Ya miƙo min rake don in yi shiru.

Na dawo Daura, sakatare ya sake turawa. Da saƙonmu ya shiga, babu abin da ya dawo nan take. Alhaji ya ce an raina ƙungiya. Bayan kwanaki amsa ta zo, gajeriya, da gaisuwa: an riga an rufe, sai zagaye na gaba bayan damina. A taro Alhaji ya sanar cewa da ƙoƙarinsa aka samar mana gurbi na musamman. Aka tafa masa.

Inna ta yi wannan daminar a zaune a ɗaki. Sau ɗaya ta fito neman buta, ta sa hannu a tukunyar da ke kan wuta, tabon yana nan. Bayan girbi na kai ta Kano aka yi mata ido ɗaya. Da aka cire audugar ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka yi furfura haka?"