Sunan da Kawu Ya Ƙi Faɗa

Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin ledar, ya shinshina, ya yi atishawa, sai ya yafito wani mai kare. Ko awa ɗaya ban yi a Landan ba, ga ni tsaye an baje kayana a kan tebur, har gajeren wandona. Garin bagaruwa ne Innata ta daka da hannunta, ta ce a riƙa barbaɗa wa yayanta, Kawu, a ƙafa. Da Turancin da na tsinta a tashar Legas na yi ta bayani, ina nuna ƙafata. Karen ya shinshina ya kau da kai. Duk da haka suka zuba garin a kwandon shara, suka haɗa da kilishina, suka ce in wuce.

Da asuba muka tashi daga Kano, kuma ranar na fara shiga jirgi. Ni da na gudu daga makaranta a aji biyu na sakandare, na yi kwandasta, na yi faci, babu inda na taɓa cika shekara. Rashin aikin yi ne ma ya sa aka zaɓe ni. Kawu ya yi shekaru da yawa yana aiki a masana'antar motoci ta Dagenham, wata unguwa a gefen Landan, matarsa ta rasu, ciwon suga ya ci masa ƙafar dama, ga 'yar shanyewar jiki da ta kwashe masa Turancinsa kaf, ta bar masa Hausa. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, a can aka haife shi. Shi ya aiko da tikiti, ya ce a turo wanda zai yi tafinta. A bakin ƙofa Inna ta riƙe min riga ta ce, "Ka dawo min da yayana da ransa."

Yaya ya tarbe ni muka shiga tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari. Mutane cike, amma ba mai ce wa wani sannu, kowa ya ɓoye fuska a jarida. Dagenham gidaje ne na jan bulo iri ɗaya sak, in ka fita sayen burodi sai ka ƙirga ƙofofi kafin ka dawo. Abinci kuwa dankali ne, safe da rana. Na je Peckham neman goro saboda Kawu, wani Bahaushen Gana ya sayar min da guda uku a kuɗin da zan ci tuwon sati a gida, yana ce min, "Ɗan'uwa, goron ma jirgi ya hau."

A bas, kan hanyar asibiti, Yaya ya gaya min yadda ake ciki. Ina yi masa Hausa, yana mayar min da Turanci. Likitoci sun ce sai an yanke ƙafar daga gwiwa, in ba haka ba ruɓar za ta shiga jini. Kawu ya ce a'a. Yaya ya ce shi zai sa hannu, aka ce masa a ƙasar nan ba mai sa wa baligi hannu, ko ɗansa ne. In hankalinsa na nan, maganarsa ita ce magana, ko da kowa na ganin kuskure ne. In kuma an tabbatar hankalin ya gushe, likitoci ne za su yi abin da suka ga ya fi masa. Gobe likitar ƙwaƙwalwa za ta zo ta yanke hukunci.

"Ya ruɗe," in ji Yaya, yana kallon taga. "Sau biyu ana tambayarsa sunana, bai sani ba. Kai dai ka fassara abin da aka ce, kada ka ƙara komai."

Na sami Kawu ya rame, ɗakin na warin magani da wani warin da ba sai na faɗa ba. Yana ganina ya ce, "Kai ne ɗan ƙanwata da ya gagari malamai? Da kai aka ga dama a aiko?" Ya tambayi unguwarmu gida-gida, har mai shayin bakin masallaci. Na ba shi labari, ban ta da zancen ƙafar ba.

Washegari da hantsi likitar ta zo, wata dattijuwa mai furfura, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa. Ta tambaye shi wane wata ake ciki, ya ce Rajab. Ta rubuta wani abu. Sai ta nuna Yaya ta ce wane ne wannan, mene ne sunansa. Na fassara. Kawu ya juya fuska bango. Ta sake tambaya, ya ja bargo ya rufe hannunsa. Yaya ya sunkuyar da kai.

Nan take na gane. Innata ma tunda nake ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Kawu aka sa wa Yaya. Ko da wuƙa a wuya Kawu ba zai faɗi sunan nan a gaban mutane ba.

Alƙalaminta na tafiya a kan takarda. In na yi shiru, za a rubuta ya ruɗe, a yanke ƙafar, wataƙila in kai wa Inna yayanta da rai. In na buɗe baki, na san abin da zai zaɓa. Wallahi na yi shirun, na kai minti guda. Sai Kawu ya juyo ya dube ni, irin kallon da babba ke yi wa yaro in ya kama shi da hannu a tukunya.

Na ce wa likitar, da guntun Turancina, a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce, ba mantuwa ba. Na ce ta tambaye shi sauran. Kawu ya jero sunayen ƙannen Yaya biyu, da ranar da aka haifi kowacce, da unguwar da take aure. Na ƙara da cewa Rajab ɗin ma daidai ne, watanmu ne. Ta soke abin da ta rubuta, ta ce to a yi maganar ƙafa. Ta ce in faɗa masa komai, kada in sassauta.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Gaya mata na ji, kuma na san ba ƙarya take ba. In ba a yanke ba zan mutu, wataƙila kafin azumi. In an yanke zan iya ƙara shekaru, a gidan tsofaffi na hukuma, ana juya ni kamar buhu. Na auna duka biyun. Ina so in je gida da ƙafata, a binne ni kusa da uwata."

Ta yi masa tambayar ta fuska uku, amsa ɗaya yake bayarwa. Ta dawo bayan kwana biyu ta sake, bai canza ba. Ta gaya wa Yaya cewa ita da za a bi son ranta da an yi aikin, amma mahaifinsa na cikin hankalinsa, ƙafar kuma tasa ce.

Yaya bai ƙara yi min magana ba. Ranar Juma'a mun je masallacin Regent's Park a bas ɗaya, sahu ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, amma ko kallona bai yi ba. Shi ya sayo mana tikitin jirgi, shi ya karɓo magunguna da takardar likita, shi ya tura keken Kawu har ƙofar shiga jirgi. Kawu ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Yaya ya juya da sauri ya tafi.

Mun sauka Kano da rana tsaka. Inna ta ga keken, ta ga ƙafar a naɗe, ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba har yau. Na je Landan ina ganin aikin tafinta shi ne juya magana daga wannan baki zuwa wancan. Ashe har shirun mutum sai an fassara, kuma wanda ya san ma'anarsa ya ɓoye, ya yi masa ƙarya. Ko na kyauta ko ban kyauta ba, ina kwana da abin ina tashi da shi.

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu. Yaya ba ya karanta Hausa, ni ba na rubuta Turanci, don haka na ɗauki kaset na ba wani mai tafiya. Ga abin da na ce a ciki:

"Yaya, ni ne. Jikin Kawu ya yi nauyi, zazzaɓi ba ya sauka. In kana fushi da ni, ka yi, ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Amma ka ji wannan. Kullum bayan sallar asuba yana yi wa 'ya'yansa addu'a, ina jinsa ta taga. Yana kiran ƙannenka da sunansu, ya wuce. In ya zo kanka sai ya ce 'da babbansu', kuma a nan yake daɗewa. Bai taɓa manta sunanka ba. In za ka zo, kada ka jira azumi."