Kujerar Inna a Ɗakin Maza

Kafin masu jinya su gama wanke fuska, Inna ta riga ta shigo da bokitinta da tsumman goge ƙasa. Daga bakin ƙofa take farawa, ta bi ƙarƙashin kowane gado, ta kwashe audugar da aka yar, ta jera takalman marasa lafiya inda ƙafa za ta same su. Idan mutum yana barci, ɗaga bokitin take yi don kada ya yi ƙara. Aikin da aka ɗauke ta ke nan a ɗakin maza na asibitinmu, shara da goge-goge, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Ni mai tura keken marasa lafiya ne a ɗakin. Ba ni da yawan magana, rubutun ma da girmana na koya, amma kunnena ya daɗe a bakin ƙofar nan, kuma bai kamata matar nan ta tafi ba a faɗi abin da aka gani ba.

Akwai wata kujerar roba a ɗakin ajiye tsintsiya, ƙafarta ɗaya an ɗaure da waya. Da yamma, in an buɗe wa masu ziyara ƙofa, aikin Inna ya ƙare. Maimakon ta kama hanyar gida, sai ta cire rigar aiki, ta wanke hannu, ta tsaya tana duban ɗakin. Gadaje sun cika da dangi da kwanuka da hayaniya. Gadon da babu kowa a gefensa, can take kai kujerarta. Mai son magana ta saurare shi, mai ƙishirwa ta ba shi ruwa, wanda ba ya iya komai ta riƙe masa hannu, leɓunanta na motsi. Ba ta yi wa mutum addu'a a gabansa sai ta tambaya. Wanda ya ce a'a, zama kawai take yi.

Waɗanda ba a zuwa dubawa, yawancinsu ciwo ne ya daɗe har dangi suka gaji, ko tsufa ya riga ya gama da su. Da yawansu ba sa fita da ƙafarsu. Mu ma'aikata mun san haka. Masu ziyara kuwa abin da idonsu ya nuna musu shi ne, jiya tsohuwar nan tana zaune a gadon can, yau an yaye zanen gadon.

A kan benci na waje na fara jin maganar, wajen wasu mata biyu masu jinyar mazajensu.

"Ke, kin lura kuwa?"

"Da me?"

"Tsohuwar nan mai kujera. Duk inda ta ajiye ta, kwana kaɗan ne."

"Rufa mana asiri, ga ta can."

"To me take faɗa a bakinta da ba ta so a ji? In abin kirki ne ta ɗaga murya mana."

Kafin wani lokaci zancen ya cika ɗakin. Sai ka ga an ari baƙo daga gado zuwa gado, a zaunar da shi wajen wanda bai sani ba, don dai kada wurin ya zama fili. Wani direba mai barkwanci, da ya hango ta tafe, ya ɗaga hannu ya ce, "Inna, don girman Allah, baƙina suna hanya, mota ce ta lalace musu." Aka yi dariya, ita ma ta murmusa ta wuce. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, don da ta ba wani ruwa, na ga matar maƙwabcinsa ta ɗauki kofin ta shinshina.

Abin ya fashe ne a kan mahaifin wani tela. Tsohon ya daɗe a gadon lungu, ɗan kuma ɗinki ya yi masa yawa, sai jefi-jefi yake leƙowa. Wata yamma ya shigo da leda a hannu, ya tarar nas tana jan labule, Inna na zaune riƙe da hannun tsohon da bai daɗe da cikawa ba.

"Me kika yi masa?" Muryarsa har waje. "Shekaranjiya yana magana! Wa ya aike ki wajensa? Danginki ne?"

Inna ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana."

"Ni ba ɗanki ba ne. Babana da kika cinye ya isa."

Ya kai ƙara wajen shugaban asibiti, wasu suka mara masa baya. Aka zazzage jakar Inna a kan tebur a gabanmu: mataji, hankici, da ɗan gwangwanin man shafawa da take shafa wa marasa lafiya a leɓe in ya bushe. Aka buɗe gwangwanin, aka shinshina, aka miƙa wa na gaba shi ma ya shinshina. Ba a sami komai ba. Duk da haka aka ce don a zauna lafiya a mayar da ita wankin bayan gida na waje, kujerar kuma a kulle. Babbar nas, wadda ta san aikin Inna fiye da kowa, ta sunkuyar da kai. Daga baya na ji ta tana ce wa wata, "Ni ban yarda da zancen ba, amma dai abin da yawa."

Zancen bai tsaya a asibiti ba. Maƙwabciyar da ta saba miƙa mata jariri ta daina. A coci, matan da suke zama benci ɗaya da ita suka fara barin fili tsakaninsu. 'Yarta ce ta gaya mini wannan, ranar da ta zo ta same ta tana wanke bayan gida, ta tsaya tana kuka.

"Inna, ki bari mana. Ko gaisuwa an daina yi mana. Wa ya ɗora miki?"

Inna ta matse tsumma ta ce, "Wanda ya ɗora mini shi ke riƙe da ni. Ubangijina ma an zarge shi, an tofa masa yawu, kuma Uban bai bar shi a kabari ba. Ni da bayan gida kawai aka ba ni, zai manta da ni ne?"

"To sunanki fa?"

"Yana wurinsa. Ya fi ni iya ajiya."

Ke ce, Inna, wadda aka ƙwace wa wurin zama ba a ƙwace mata zuwa ba. Da yamma kikan fita ta ƙofar ma'aikata, ki zagayo ki bi layin masu ziyara kamar kowa, ki shigo ki tsaya a gefen gadon da babu kowa. Tsaye, da ƙafafun da suka wuni cikin ruwa. Na ga sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Ban taɓa jin kin kai ƙarar kowa ba, ban kuma ji kin yi rantsuwa don a yarda da ke ba. Sau ɗaya na tambaye ki ko ba kya jin tsoro. Kika ce, "Ina ji mana. Sai in gaya wa Yesu, in shigo."

Ana nan, sai ga telan an kawo shi. Babur ya kaɗe shi, ƙafa ta karye, ciwon kuma ya ruɓe ya hau masa da zazzaɓi. Ni na tura shi zuwa gadonsa. Da farko abokan sana'a suna zuwa, sannu a hankali suka ɗauke ƙafa, danginsa kuma suna nesa. Ranar da aka buɗe ƙofa gefensa ya zauna fili, kowa a ɗakin ya san abin da zai biyo baya. Inna ta shigo, ta duba, ta nufi gadon. Hayaniya ta mutu.

Ya zaro ido. "Kin zo ki ƙarasa ni?"

"Na zo in tsaya ne. In ka ce in tafi, sai in tafi."

Bai ce ta tafi ba, ko don tsoro ko don rashin ƙarfi, ban sani ba. Ya juya fuska ga bango. Ruwan da ta zuba masa bai taɓa ba, sai da nas ta zubar ta zuba wani. Haka suka yi ta yi, yana kallon bango tana tsaye, masu ziyara na leƙensa kullum su ga ko an yaye zanen.

Wata yamma ina gyara keke kusa da su, na ji ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Babana ya ce wani abu?"

Ta ce, "Ya nemi ruwa, na ba shi. Sai ya ja hannuna ya ɗora a wuyan rigarsa, ya ce in taɓa ɗinkin. Ya ce ɗansa ne ya ɗinka, babu mai hannunsa."

"Bai ce na yar da shi ba?"

"Ya ce aiki ya yi maka yawa."

Ya yi ta kuka, fuska ga bango. Da ya juyo, ƙafafunta ya fara gani. Ya dube ni ya ce, "Malam, ina kujerar nan?" Na dubi babbar nas. Ta zaro makulli daga aljihu ta miƙo mini.

Tela ya warke. Ni na tura shi har bakin titi. Kada mai karatu ya ɗauka zargi ya mutu a ranar, domin ina dawowa na ji wata a kan benci tana cewa, "Wannan dai ya fi ƙarfinta." An mayar da Inna ɗakin maza, amma har yau akwai masu janye kofinsu in ta wuce, akwai masu aron baƙo. Ba a kira taro an wanke ta ba, babu kuma wanda ya nemi gafararta a bainar jama'a. Da na gaya mata abin da matar ta ce, dariya ta yi har da riƙe ƙugu, ta ce, "To ai an yarda akwai wanda ya fi ƙarfina. Saura su san ko wane ne."

Damuwarta ɗaya da ajiye aikin nan. Ta tambaye mu, mu ma'aikata, wa zai riƙa fito da kujerar. Kowa ya dubi ƙasa. Mun ga abin da ta jawo mata.

Makon jiya sai ga tela da sandarsa a layin masu ziyara, riƙe da ɗan matashi da ya ɗinka daidai faɗin kujerar. Ya ɗora shi, ya daddanna, ya ce, "Inna, zauna ki ji." Ta zauna. Ta ce ya yi laushi. Ya ce, "To tashi, kin kusa ritaya. Nuna mini wane gado ne yau." Ta nuna masa wani tsoho a lungu. Ya ja kujerar yana ɗingishi, idanun ɗakin duka a bayansa, na kuma ji wata ta fara raɗa wa ta kusa da ita.

Mun gode, Inna, uwar marasa baƙi. Kin dogara ga Allah a lokacin da ba mu tsaya miki ba, shi kuma bai kunyata ki ba. Ya ba ki hutu, ya saukar da kumburin ƙafafun nan.

Ku kuma da za ku je duba naku gobe, in kun gama gaisawa, ku ɗaga kai ku dubi gadon da ke gefe. In babu kowa, ku matsa da kujerarku. Za a yi magana a kanku. Inna ta ce a gaya muku ba ku kaɗai za ku zauna ba.