Hajjo da Hoton Ragar Zinariya

Shekara goma sha huɗu Hajjo tana zuwa Guangzhou sarin kaya, kuma duk kasuwar Shisanhang an san ba a cusa mata yadi. Takan ɗaga shi saitin haske, ta ɗora farce, ta ƙirga zare. In saƙar ta yi sako-sako, sai ta ajiye ta wuce, ko ciniki babu.

Ɗanta Huzaifa karatu ya kawo shi garin. Ya ce mata aikinsa hoton eksire ne, ita kuwa ta baza wa 'yan kasuwar Kwari cewa ƙashin marasa lafiya yake ɗauka. Bai taɓa gyara mata ba. Wata biyu da rasuwarsa ta je ɗakinsa a unguwar Panyu kwashe kaya: tufafin sadaka gefe, takardun zubarwa gefe. Abin da ke cin ta shi ne, ba ta san a kan me ya ƙarar da kwanakinsa ba.

Lukman, abokin bincikensa, ya ga ta jefa wani hoto toka-toka cikin na zubarwa.

"Hajiya, wannan fa shekara uku ya yi a kansa."

"Wannan? To ina ƙashin? Ai ya ƙone."

Lukman ya tsuguna ya ɗauko. "Akwai haske mai ƙarfi, lesa, da ake harba wa ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar riɗi ba. Nan take ya fi fuskar rana zafi, ya watso eksire, ya mutu. Ki raba ƙiftawar ido gida miliyan ɗari, to a cikin ɗaya ake ɗaukar hoton. Gabansa ana sa ragar zinariya, zarenta ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In zaren ya fito a hoton, to na'urar ɗaukar hoton na gani sosai. Kafin Huzaifa ya gyara ta, dusu-dusu kawai muke samu."

Hajjo ta karɓa, ta matsa bakin taga, ta ɗaga shi saitin haske. Ta ɗora farce. Sai ga zaruruwan ragar sun fito, layi bayan layi, kowanne tsaf, babu wanda ya hau wani. Leɓɓanta na motsi har ta kai ashirin da bakwai.

"Subhanallahi," ta ce. "Ashe zare yaron nan yake ƙirgawa."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta naɗe hoton cikin sabon mayafinta, ta sa a jakar hannu, kusa da fasfo.