Hajiya Hamsatou, Na Bar Ta da Yunwa Kwana Ɗaya

Allah ne ya ba mu ita, shi ne ya karɓi abarsa, kuma dukanmu wurinsa muka nufa. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Hamsatou, matar Alhaji Djibrilla, a wani asibiti a nan Greensboro, a Amurka, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta hamsin da takwas. Washegari muka kai ta makwancinta.

Ni ba mai rubuta ta'aziyya ba ne. Shekara ashirin da shida ina garin nan, na tsaya a bakin kaburbura da yawa, na ji ana yabon mutanen da ba wanda ya ɗaga musu waya lokacin da suke da rai. Na daɗe da daina yarda da yabon da ake yi wa gawa. Amma ke, Hajiya, akwai magana tsakaninmu, kuma ba ki tsaya kin ji ƙarshenta ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ma'aruf. Likitan dabbobi ne ni a gida, na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a karkarar Funtuwa. Da na zo ƙasar nan na zauna jarrabawar lasisi sau biyu, na faɗi sau biyu, na haƙura. Tun daga nan motar ɗaga kaya nake tuƙawa a wani sito. Mutanenmu suna ce mini Dokta, kuma ina jin dariyar da ke ƙarƙashin sunan. Ke kaɗai ce idan kin ce Dokta, da gaske kike.

Shekara shida da suka wuce, a rukunin gidajen hayarmu na gabashin gari, na fara lura da wasu kyanwoyi a bayan akwatin shara, kowace an datse mata ƙarshen kunnen hagu. Na yi dariya. A walimar wani suna na ce wa jama'a, ku zo ku ga Amurka, har kyanwa ake yi wa shaida a kunne kamar akuyar kasuwa, don kada maƙwabci ya sace. Aka yi ta dariya. Kina tsaye da farantin shinkafa a hannu, kika bari sai da aka lafa, sannan kika ce, "Dokta, shaida ce, amma ba ta mai ita ba. Alama ce cewa an kai ta likita, ba za ta ƙara haihuwa ba. Ni na kai su."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi wa bijimai da bunsuraye dandaƙa fiye da yadda zan iya tunawa, amma ban taɓa yi wa kyanwa aiki ba, don a gida ba mai kawo kyanwa wurin likita. Mace mai aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Sedgefield, wadda ba ta wuce firamare a Damagaram ba, ita ta koya mini sana'ata a gaban mutane.

Daga baya na ji yadda abin ya soma. Wata safiya kin fita zubar da shara kika ji kuka a cikin wani kwali. 'Yan kyanwa shida, idanunsu ba su buɗe ba, huɗu sun riga sun mutu. Kwalin na garin tuwo ne, irin wanda mu kaɗai ke saye, don haka kin san daga ɗayan gidajenmu ya fito. Ba ki taɓa faɗin sunan gidan ba. Ni da na sani, da tuni na faɗa.

Haka muke, kuma zan faɗe shi a fili tunda ke kin tafi ba ki faɗa ba. Yara su yi kuka suna son kyanwa, uba ya karɓo. Ta girma ta fara kuka tana neman muzuru, a buɗe mata ƙofa don a samu barci. Bayan wata biyu ta dawo ta haihu a ƙarƙashin gado, sai a nemi kwali. Masu tsoron Allah a cikinmu kuma su zuba ragowar shinkafa a bayan gida suna neman lada, su shige ɗaki, ba ruwansu da abin da shinkafar za ta haifar. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Wannan na san shi tun ina ɗalibi. Ke ba a aji kika koye shi ba, a bakin shara kika gan shi, kuma ke ce kika tashi.

Wata mata mai suna Lucia, daga wani gari kusa da nan da ake kira Pleasant Garden, cikin masu wannan aiki don Allah, ita ta ara miki tarko na farko, wani dogon keji na waya mai ƙofar da ke rufe kanta. Za ki sa kifin gwangwani a can ciki, ki koma mota ki zauna da carbinki. Idan ƙofar ta faɗa, sai ki rufe kejin da tsohon zaninki don kyanwar ta daina dukan kanta da waya. Ki kai ta asibitin dabbobi kafin ki wuce aiki, a cire wa macen mahaifa, a fiɗiye namijin, a yi musu rigakafi, a datse kunnen. Ta kwana a banɗakinki, sannan ki mayar da ita daidai inda kika kama ta. Alhaji Djibrilla ya taɓa ce mini shi ne kaɗai magidancin da ke neman izinin muzuru kafin ya yi alwala a gidansa.

Kin sa musu sunayen garuruwan ƙasarku: Mirya, Magarya, Matamai, Dungas. Kina kiransu da yamma kamar mai kiran fasinja a tasha.

Ba kowa ya so aikin ba. Na ji da kunnena wani ya tare ki a bakin masallaci yana cewa, "Hajiya, ba ki ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba?" Kika ce, "Na ji, Malam. Ita kulle ta ta yi, ta hana ta ci har ta mutu. Ni kwana ɗaya nake riƙe ta, in sake ta da kifi a ciki. Wanda ya zuba 'ya'yanta a kwali fa, shi wane labari ya ji?" Mutumin ya duba agogonsa ya ce ana jiran sa. Kuma ba da ka kika yi ba, kin tambayi malami tun farko, ya ce miki abin da aka yi don rage wa dabba wahala, ba don wasa ba, bai ga laifinsa ba.

A shekara uku kukan dare ya ragu, faɗan muzurai ya ragu, warin bayan gida ya tafi. Kwali bai ƙara bayyana ba. Kyanwoyi ashirin da uku ne ke zaune a bayan gidajen, ashirin da biyu da datsattsen kunne.

Saura ɗaya. Wata mai ruwan toka, mai farin wuya. Kin sa mata suna Madam, wai don ba ta cin abincin talakawa. Za ta zo ta shinshina tarkon, ta dube ki, ta juya. Kowace bazara wani muzuru daga wata unguwa zai zo, ta haihu huɗu ko biyar, ki bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kina kamawa, kina roƙon mutane su karɓa. Kyanwa ba ta shiga tarko sai da yunwa. Ka'idar ita ce kowa ya janye abinci kwana ɗaya kafin a kafa. Kin bi ƙofa ƙofa kin roƙa, kowa ya yarda. Madam kuwa kullum cikinta a cike.

Ni ne. Ni nake ba ta abinci, safe da yamma, a wani jan kwano a ƙarƙashin matakalata. Matata ta koma gida tuntuni, 'ya'yana suna wasu jihohi, idan na kira su da Hausa su amsa da Turanci. Idan na dawo daga sito, duk garin nan ba mai ɗaga kai sai wannan kyanwar. Na gaya wa kaina tausayi ne. Na ma ari hujjar mutumin bakin masallaci, ni da na san ba ta da tushe.

A watan Disamba, kina kwance, masu kula da gidajen suka liƙa takarda a kowace ƙofa. Sun ce sun haƙura da kyanwoyin saboda yawansu ya tsaya, amma idan aka sake ganin jarirai a bazara mai zuwa, za su sa a kwashe su duka. Na karanta, kuma na san ma'anarsa fiye da kowa. Kyanwar da ta girma a waje, mai yaƙushi, ba mai ɗaukar ta ya kai gida, wuraren ajiyar dabbobi kuma cike suke. Ƙarshen mafi yawansu allurar mutuwa ce. Aikinki na shekara shida, da rayuka ashirin da uku, duk sun rataya a kan jan kwanona.

Na je duba ki a asibiti wata Lahadi da la'asar. Kin rame har na kusa kasa gane ki. Kika sa 'yarki Hanifa ta fita nemo ruwa, sannan kika ce da ɗan Faransancin nan naki, "Bon, Dokta. Na san kwanon. Ja ne, bakinsa ya ɗan fashe. Tun shekarar farko na gan shi."

Na ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa?"

Kika ce, "Ita kaɗai ke jiran ka. Ban so in shiga tsakaninku ba. Amma yanzu ba ni da lokacin kunya. Kwana ɗaya kawai, Dokta. Ka bar ta da yunwa kwana ɗaya. Ba za ta mutu ba, kai ma ba za ka mutu ba."

Na ce to. Na koma gida, Madam ta taso ta goga jikinta a ƙafata, na zuba mata. Washegari ma haka. Na ce sai sati mai zuwa, idan sanyi ya ragu. Sati uku ina cewa sati mai zuwa, har Alhaji Djibrilla ya kira ni ranar Laraba.

Ranar sadakar uku Hanifa ta tare ni a bakin mota da tarkon, da wani tsohon zani mai ruwan ganye a naɗe a kansa. Da Turanci ta yi maganar, ta ce mamanta ta ce a ba Dokta, ya san abin da zai yi da shi.

Ga ƙarshen maganar, Hajiya, tunda ba ki ji ba. Ranar Litinin na ɗauke kwanon. Madam ta zauna a bakin ƙofata tana kuka tun safe, na dawo daga aiki na same ta a wurin, ta bi ni har saman matakala tana duban fuskata. Na shige na rufe. Na ɗaga kaya masu nauyi shekara da shekaru, ban taɓa ɗaga abin da ya kai wannan ƙofar nauyi ba. Talata da hantsi na kafa tarkon daidai inda kwanon yake zama, na sa kifin a can ciki yadda kike yi. Ko minti goma ba a yi ba. Shekara uku kina fama, ashe abin da ya rage minti goma ne da mutum ɗaya mai taurin kai. Na rufe ta da zaninki, ta yi shiru.

A asibitin dabbobin wata likita, wadda ba ta kai 'yata shekaru ba, ta tsaya tana yi mini bayanin aikin dalla-dalla kamar ban taɓa ganin cikin dabba ba. Da a da ne, da na fita da ɗacin abin a bakina har sati. Na saurare ta har ta gama, na yi godiya. A takardar, a gurbin mai kula da dabbar, inda shekara shida sunanki ake rubutawa, na rubuta nawa. Da yamma likitar ta ce mini Madam ba ta ɗauki ciki ba tukuna, amma saura ƙiris. Mun riga bazara da 'yan kwanaki. Ba za a ga jarirai a bana ba, kuma ba wanda zai kwashe kowa.

Ga jama'armu, abu ɗaya zan ce. Duk wanda ya karɓi kyanwa ko kare, ya kai shi a yi masa aikin kafin ya buɗe masa ƙofa. Duk mai zuba abinci a bayan gida, ya sani ya ɗauki amana, kuma amanar ba ta ƙare a bakin kwano ba. Tarkon yana wurina yanzu. Kun san ƙofata, kun san sunan da kuke kira na da shi. Ku kira, zan zo. Kada in ƙara jin labarin kwali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Djibrilla, wanda ya yi haƙuri da banɗakinsa shekara shida bai taɓa ɗaga murya ba, da Hanifa, da 'yan'uwan Hajiya da ke Damagaram, da maƙwabciyarta Mama Yemima, wadda ta riƙa ciyar da sauran ashirin da biyun tun ranar da aka kwantar da Hajiya a asibiti. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya tsaya muku a inda ta bari.

Hajiya, ranar walimar na ce shaidar mai ita ce, kika ce a'a. Yau na fi shekaru shida da suka wuce sani, kuma zan sake yi miki gardama sau ɗaya tak. Shaidarki ce. Jiya da safe Madam ta dawo wurin jan kwanon, ta zauna tana ci, kunnenta na hagu a datse. Ashirin da uku cif.

Allah ya jiƙan Hajiya Hamsatou, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya yalwata shi. Yadda ta rufe masu firgita da zaninta har suka natsu, Allah ya lulluɓe ta da rahamarsa. Ya sa kowace rai da ta tausaya wa ta zame mata sheda ranar tsayuwa. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu daina cewa sati mai zuwa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ma'aruf
Greensboro