Ƙarfe Biyu a Yatsan Taubashina

Igiyar bijimi ce ta karya mini manuniyar dama, shekarun baya, a gonarmu ta Yargoje. Maɗori ya ja, ya ɗaure da kara, ya yi tofi. Yatsan ya warke, amma a karkace, ba ya lanƙwasuwa. Ban damu ba, tunda ina riƙe fartanya. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na ga fensir ba ya zama a hannuna.

Benci ɗaya muke zama da taubashina. Malam ya ce ranar rufe aji mutum ɗaya zai rubuta sunayenmu a allo, gaban dagaci da iyalanmu. Na ƙwallafa rai a kai. Na fi kowa karatu, amma taubashin nan ya fi ni kyan rubutu.

Da bazara, wajen kai taki gona, amalanke ta danne masa yatsa, irin nawa sak. Na je dubiya na ce, "A kai ka wurin maɗorina mana." Har yau ban tantance ko da zuciya ɗaya na faɗa ba. Babban ɗansa ya ƙi, ya kai shi asibiti Funtua.

Ya dawo da ƙarfe biyu sirara kamar wayar keke, an soka su cikin ƙashin a gicciye, bakinsu a waje.

"Bawana, zo ka ga hoto," in ji shi. "Allura suka yi, hannun ya mutu, suka jera ƙashin suka huda. Ko ji ban yi ba."

"Dama kai ko kiran salla ba ka ji," na ce. Muka yi dariya, amma ban so ganin yadda ƙashin ya jeru ba.

Sati biyar hannunsa na rataye, ni ina ta kwafar sunaye. Sai aka zare ƙarafan da filaya. Yatsa ya fito a miƙe, rubutunsa ya dawo kaɗan-kaɗan.

Na tafi asibitin ban gaya wa kowa ba. Likita ya juya yatsana, ya ce, "Baba, wannan ya daɗe da haɗewa. Sai an sake karya shi a sa ƙarfe, kuma ban ce zai lanƙwasu ba. Wata biyu ba aikin gona."

A satin ruwan shuka ya sauka. Na dawo gida na ɗauki iri.

Ranar rufe aji shi ya fita gaban allo. Da ya zo kan sunana ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Sunan ya yi kyau a hannunsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na tafa, amma bayan kowa.